Rigar Aro da Garin Sabulu

Akwai sautuka biyu da kunnena ya saba da su a unguwarmu ta Makera, waɗanda yanzu ko na kasa kunne tun daga asuba har hantsi ba na jin ko ɗaya. Na farko jiniyar masaƙu ce daga wajen Kakuri, wadda in ta yi kuka sai maza su ɓarko daga lunguna kamar ƙofa ɗaya aka buɗe musu, wani bisa keke, wani a ƙafa, kowa da ƙullin abincinsa. Na biyu bugun wanki ne. Da zarar mazan sun wuce, sai tsakar gidaje su ɗauki amon rigar aiki tana sauka a kan dutse, ana ɗagawa ana makawa, da sautin ruwa na tafasa a rabin ganga, da muryoyin mata suna tambayar juna ta kan katanga ko akwai mai sauran toka. Yau masaƙun sun yi shiru, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofofinsu, wanki kuma ya zama abin da ake yi ba a ji. A zuba gari a bokiti, a tsoma tufa, a tafi hira. Matasa na ganin wannan shirun sauƙi ne, kuma ba na musu da su. Amma ni tsoro yake ba ni, kuma ina da dalili.

Mu mun tashi ne muna tsoron tabo. Wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka raha nake yi, to ba raha ba ce. Tufa a wancan lokaci ba ta da yawa, kuma maiƙo in ya kama ta, ya kama ke nan. Baƙin man injin masaƙa, da man ja, da kitsen nama, kowanne akwai irin yaƙin da ake yi da shi. A jiƙa toka a tace ruwanta, a narka kanwa, a goga sabulun salo har tafin hannu ya yi ja, a matsa lemun tsami, sa'an nan a dulmiya cikin tafasasshen ruwa ana juyawa da muciya. Hannuwan iyayenmu mata duk a tsattsage suke, kuma da wannan tsagewar ake gane mace mai kula da gidanta. Ƙa'ida ɗaya ce kowa ya sani, ba mai tambayar dalilinta: maiƙo da zafi ake korarsa. Saboda wahalar fitarsa ne muka koyi naɗe hannun riga kafin mu sa hannu a akushi, muka koyi zama a nutse, muka koyi cewa kayan wani in ya shigo hannunka ya fi naka nauyi.

Na zo garin nan ina saurayi, ban san kowa ba, na sami aiki a sashen saƙa. Wanda ya ba ni ɗaki wani dattijon maɗinki ne, mai ƙarancin magana, wanda duk gidan muke kira Baba. Ba ɗaki kaɗai ya ba ni ba. Shi ya tsaya mini a wajen neman aure sa'ad da iyayena ke nesa, shi ya ce wa mutanen yarinyar ya san ni, alhali abin da ya sani game da ni bai wuce sallamata da yadda nake ajiye takalmi a ƙofar masallaci ba. A Makera ta wancan zamani, baƙon da dattijo ya ɗora wa hannu mutum ne, wanda kuwa dattijo ya janye wa hannu, ko albashinsa ya kai nawa, ba wanda zai ba shi ajiyar allura. Da maganar Baba nake tsaye a unguwar, kuma na san haka.

Baba yana da wata babbar riga a ƙasan akwatinsa, fara ce ta saƙar hannu, mai aikin aska a ƙirji, ta tsufa har farinta ya koma kalar madara. Al'adar gidan ita ce, duk saurayin da zai yi aure ko suna, Baba zai ara masa ita ya ɗora a kan kaftaninsa na rabin yini, a gan shi cikin mutunci, sa'an nan a shanya ta a inuwa, a turara ta, a ninke, a mayar. Da Allah ya ba mu 'yar fari, ranar jajiberin suna ya kira ni shagonsa, ya miƙo ta da hannu biyu.

Ya ce, “Ga ta nan. Yadda na ba ka, haka za ka dawo mini da ita ranar Juma'a.”

Na ce, “In Allah ya yarda, Baba, ko ƙura ba za ta gani ba.”

Ya ce, “Ƙura ba komai ba ce,” ya koma kan kekensa na ɗinki.

Ranar suna na kiyaye ta kamar ƙwai. Ban zauna a tabarma ba sai da na tattare ta bisa cinya, ban taɓa abinci ba, ko ruwa da aka miƙo mini sai da na karkata jiki na sha. An yi addu'a, an raɗa suna, an yanka rago, mata sun ɗora kasko. Har na fara tunanin shiga ɗaki in tuɓe, sai ga kawun mai ɗakina, wani ƙaton mutum mai fara'a da ƙarar murya, ya taso daga bakin kaskon suya inda ya tsaya yana ɗanɗana kayan ciki da kitse. Ya zo da dariyarsa ya buga mini tafin hannu a ƙirji.

Ya ce, “Angon ƙarni, yau ka shiga sahun manya. Saura ka yi tumbi.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai da ya juya na sunkuyar da kai. Yatsu biyar da tafi, cif, a kan farin da ke gefen aikin askar, kitse da jan yaji suna nutsewa cikin zaren ina kallo. Na taɓa ganin bel ɗin inji ya fizgi hannun rigar mutum a masaƙa, amma ko a ranar ban tsorata kamar wannan ba.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta zo daga gida don kula da mai jego. Mace ce mai ƙarfin hali wadda ba ta taɓa yarda wani tabo ya fi ƙarfinta ba. Da baƙi suka watse na nuna mata. Ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce, “Kai dai ba ka iya tsayuwa ba. Mutum ya ga mai maiƙo na tahowa ya tsaya kamar turmi?” Ta barbaɗa farar ƙasa a wurin don ta tsotse man, aka bar ta ta kwana. Da safe ta karkaɗe, hannun kawu na nan yana gaishe mu. Gidan mai jego kuwa ba a rasa tafasasshen ruwa, domin gangar wanka kullum tana bisa wuta. Goggo ta ɗebo a ƙwarya, ta dangwala tsumma da sabulun salo, ta shiga dannawa. Kitsen ya narke kamar yadda ta ce, amma maimakon ya fita sai ya bazu. Yatsun suka haɗe, abin da yake tafin hannu ya zama faifai. A karo na farko a rayuwata na ga Goggo ta ajiye tsumma ta haƙura, kuma wannan ya fi tabon firgita ni.

A lokacin garin sabulu na cikin kwali bai daɗe da shigowa kantunan unguwa ba. Muna jin tallarsa a rediyo, amma yawancin gidaje ba su yarda da shi ba, ana cewa yana saɓule fatar hannu. Mai ɗakina ce, daga kan gadon jego, ta ce a gwada shi. Na sayo. Goggo ta zazzaga a baho, ta nufi ganga da ƙwaryarta za ta kwarara masa ruwa mai tururi, sai muka ji murya daga ƙofar ɗakin da ke kallon namu.

“Goggo, tsaya. In kin zuba wannan kin kashe su.”

Maƙwabciyarmu ce, wata Kirista daga ƙasar kudancin jihar nan, wadda ke aikin wanki a wani asibiti. Duk gidan Mama Asibiti muke ce mata, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Malam Saƙa.

Goggo ta ce, “In kashe su wa, 'yar nan? Gari ne fa.”

Mama ta ce, “Akwai wasu 'yan abubuwa a cikinsa, ido ba ya ganinsu. Su ne masu aikin, kumfar nan rakiya ce. Wasu na cin mai, wasu na cin jini. A wurin aikinmu zanen gado na zuwa da abin da ba zan faɗa ba ga mai jego a kusa, kuma da su muke fitarwa. Amma ba sa son zafi. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, sa'an nan ki bar su, kada ki cuɗa, kada ki buga.”

Goggo ta ja da baya daga bahon. Ta ce, “Abin da ke ci ba baki, shi za a sa wa rigar mutane? In sun gama da man, me zai hana su juya kan rigar?”

“Auduga ba abincinsu ba ce. Amma kawo in ga zaren aikin. In na tsamiya ne, wato siliki, ko ulu, ba ruwana, don masu cin jinin nan ba sa bambanta su da nama.”

Mama ta kai ƙirjin rigar wajen haske, ta murza zaren da yatsu, ta sa a haƙori. Ta ce auduga ce. Ta ce a jiƙa wurin tabon kaɗai. Nan Goggo ta dawo cikin hayyacinta, ta ce ba a yin haka, domin in ƙirji ya yi fari fat a jikin riga mai kalar madara, an maye tabo da tabo ke nan, gara a tsoma ta duka ta fito launi ɗaya. Suka juyo suna kallona, don ni aka ba amana. Maganar Goggo ta fi kama da hankali, kuma ko yau aka sake tambayata, da abin da na sani a ranar, ita zan bi. Na ce a tsoma duka.

Ban taɓa jin tsawon yini irin wannan ba. Da a ce aiki ne na ƙarfi, da na cuɗa har fata ta saɓule, zuciya ta sami abin riƙewa. Amma an ce a bari. Na zauna a bakin baho tun hantsi ina kallon rigar Baba a ƙarƙashin ruwa, ba motsi, ba ƙara, alhali an gaya mini ana cin wani abu a ciki. Kowane lokaci ina jiran in ga zare ya taso sama. Ina jin kekensa na ɗinki daga zaure, in ya tsaya sai in ce yanzu zai leƙo. Na ƙirga a raina abin da zan rasa: ɗakin, da gaisuwar dattawa a ƙofar masallaci, da idon surukaina da suka ba ni 'yarsu bisa kalmar mutumin nan. Goggo ta wuce ta ce, “Tashi daga nan, kallo ba ya wanke riga,” amma ita ma sau da yawa na kama ta tana leƙowa da carbi a hannu. Can wajen azahar ruwan ya fara sauya launi, ya yi gurɓin rawaya mai duhu, fiye da abin da tafin hannu ɗaya zai iya fitarwa. Na lura da haka, ban kuwa fahimce shi ba.

Da Mama ta dawo ta ɗaga rigar, ta ɗan murza ƙirjin sau biyu, aka ɗauraye. Babu faifai, babu yatsu, babu ko inuwarsu. Zare bai tsinke ba. Rigar ta fito fara tas kamar ranar da aka sauke ta daga masaƙa. Goggo ta ce, “Lalle akwai aljannu a kwalin nan,” Mama ta ce, “To ki gaishe su, sun yi miki aiki.” Muka yi dariya irin ta waɗanda suka tsallake rijiya. Aka shanya a inuwa, na kai wa mabuga suka buge ta har ta yi sheƙi, mai ɗakina ta turara ta.

Ranar Juma'a da safe na kai wa Baba a shagonsa. Na riga na shirya zan faɗa masa duk abin da ya faru, kuma ina zaton zai ce mun kyauta. Ya karɓa da hannu biyu, ya warware ta bisa teburin yanka. Bai dubi ƙirjin ba sam. Wuyan ya juya ciki waje, ya bi gefensa da babban yatsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan, a hankali, kamar mai neman allura. Sa'an nan ya kai hanci, ya daɗe a haka.

Ya ce, “An wanke ta.”

Na ba shi labari tun daga hannun kawu har zuwa bahon, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, “A nan akwai wani duhu, inda wuyan mahaifina ke gogawa. Mutum ne mai zufa, kuma yana shafa man shanu a ƙeya saboda kaushi. Tun da aka tuɓe masa ita ba ta ga ruwa ba. In na buɗe akwati, shi nake fara ji kafin turaren.”

Na jira faɗa, na jira ya ce in nemi wani ɗakin, kuma da ya faɗi haka da na ji sauƙi. Sai ya ninke rigar yadda ya saba, ya daidaita gefunanta, ya turo mini ita.

Ya ce, “Ta yi kyau. Aikin ya fita sosai. Ɗauki, na ba ka.”

Na ce, “Baba, ka yi mini rai, ka riƙe kayanka.”

Ya ce, “Riga ce, ɗana. Ina da riguna.”

Bai janye mini hannu ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, shi ya tsaya a sunan yaran da suka biyo baya, kuma har ya bar duniya bai sake ta da maganar ba. Amma daga ranar ba saurayin da ya sake shiga shagon nan ya fito da riga a hannu biyu, al'adar gidan ta mutu ba tare da kowa ya yi shelar mutuwarta ba.

Jaririyar da aka yi wa sunan nan yanzu malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Barnawa. Ita ta warware mini abin da Mama Asibiti ta faɗa a taƙaice. Ta ce abubuwan nan masana na kiransu enzayim, kuma ba masu rai ba ne, ba sa ci don yunwa. Irinsu ne Allah ya sa a cikin ɗan Adam suke narkar da abinci. Maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa, shi ya sa yake maƙale wa zare, to shi mai aikin maiƙon sai ya riƙa datsa shi ƙanana ƙanana har sabulu ya iya kewaye gutsattsarin, ruwa ya tafi da su. In ya datsa wannan ba ya ƙarewa, sai ya matsa kan na gaba, shi ya sa kaɗan ke yin aiki mai yawa in an ba shi lokaci. Tafasasshen ruwa kuwa yana lalata siffarsa, kamar yadda ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye. Na tambaye ta ko yana iya bambanta maiƙon jiya da na shekaru masu yawa, ko na rago da na mutum. Ta yi murmushi ta ce, “Baba, a wurinsa duk maiƙo ɗaya ne.” Ita tana nufin ta kwantar mini da hankali.

Na yarda garin sabulun nan ni'ima ce. Hannuwan jikokina santsi gare su, ba su san zafin ruwan toka ba, kuma ba na yi musu fatan su sani. Sai dai mu da muke tsoron tabo, tsoron ya koya mana duban tufa kafin mu tsoma ta, mu tambayi ta wane ne, me ke jikinta. Yanzu kwashewa ake yi gaba ɗaya, abin da ya yi duhu duk datti ne, kuma kafin azahar an gama da shi.

Mai ɗakina ta rasu a daminar da ta wuce. Kafin a raba tufafinta, 'ya'yanta suka wanke su duka, kamar yadda ya dace, suka fito fes suna ƙamshin kanti, kamar zannuwan kowa da kowa. Kallabi ɗaya na riga su ɗauka, tsoho ne, wanda take ɗaurawa in za ta kwanta, gefensa ya yi duhu da man kaɗanyar da take shafa wa gashinta. Yana cikin rigar matashin kaina. Ban gaya wa kowa ba, don na san in sun gani ƙauna ce za ta sa su wanke mini shi. Jikata da ke zaune da ni yarinya ce mai tsabta, ba ta barin komai, har labule sai ta sauke. Duk Asabar in na ji ta tara ruwa a bokiti, sai in koma ɗaki in zauna a gefen gado, in ɗora gwiwar hannu bisa matashin, in buɗe littafi kamar mai karatu. Asabar ɗin nan ta ɗaga labule da tulin kaya a kafaɗa.

Ta ce, “Tsohon angona, ɗaga mini in cire rigar matashin nan, ta kwana biyu.”

Na ce, “Bar ta, amarya. Ba ta yi datti ba tukuna.”

Ta ce, “To, Asabar mai zuwa ba za ka tsira ba.”